Yadda ƙwayar halitta ke gane tana cikin matsi, da alaƙar hakan da maganin kansa

Idan likita ya ce ɗanku na da kansar ƙoda irin ta yara, wadda ake kira ciwon Wilms, ɗaya daga cikin magungunan da za a ba shi ta jijiya shi ne aktinomaisin D. Maganin ya daɗe, tun shekarun 1950 likitoci a Amurka suka fara gwada shi a kan yara masu wannan ciwo. Babban aikinsa a wani ɗan wuri yake, cikin ƙwayar halitta, wurin da sai da madubin ɗakin gwaji ake ganinsa.

Nau'o'in ƙwayoyin halittar da suka gina jikinmu kusan duka suna da cibiya, inda DNA yake. A cikin cibiyar akwai wani ɗan dunƙule mai suna nukiliyolas. Nan ne ake ƙera raibozom, wato ƙananan injunan da ke haɗa furotin. Kowane raibozom na ɗan Adam yana da furotin kusan iri 80 da zaren RNA guda 4, kuma uku daga cikin zaren a nukiliyolas ake samar da su, daga bayanan gadon da ke kan kuromozom na 13, 14, 15, 21 da 22. Aikin yana cin ƙarfi sosai. Shi ya sa da abinci ko iska ya ragu, ko zafi ya yi yawa, ko DNA ya samu lahani, ƙwayar take rage ƙera wannan RNA, kamar mai injin niƙa da ya ga mai ya kusa ƙarewa.

Rage aikin kuma shi kansa saƙo ne. A ƙwaya mai lafiya akwai furotin mai suna p53, mai iya dakatar da rabuwar ƙwaya ko ya sa ta kashe kanta. Ana samar da shi kullum, amma wani furotin, MDM2, yana sa a rushe shi nan take, don haka ba ya taruwa. Idan RNA ya daina fitowa daga nukiliyolas, wasu furotin biyu da ya kamata su shiga ginin raibozom, RPL5 da RPL11, sai su rasa wurin zama. Sai su riƙe MDM2 su hana shi aiki. Daga nan p53 ya taru. Idan matsin mai sauƙi ne ƙwayar za ta dakata ta yi gyara, idan ya yi tsanani za ta mutu.

Ƙwayar kansa kuwa kullum cikin rabuwa take, tana buƙatar raibozom masu yawa, har nukiliyolas ɗinta yakan kumbura, kuma masu duba nama a ɗakin gwaji suna lura da wannan alama. Aktinomaisin D yana maƙalewa a jikin DNA ya tare hanyar sinadarin da ke kwafo wannan RNA. Ƙirar ta tsaya, p53 ya tashi. Yawancin ciwon Wilms p53 ɗinsu na aiki. Akwai wani nau'i, wanda bai cika yawa ba, da sau da yawa p53 ɗinsa ya lalace, kuma ya fi wuyar magani. Wannan na cikin dalilan da ake kai ƙodar da aka cire ɗakin gwaji kafin a tsayar da sauran magani, don haka ku tambayi likita sakamakon.

Maganin ba ya tantance ƙwayar kansa da sauran ƙwayoyi masu saurin rabuwa. Ɓargo, fatar cikin baki da hanji, da saiwar gashi duk suna taɓuwa. Daga nan ne gyambon baki, zubewar gashi da raguwar jini suke fitowa. Wasu iyaye kan ɗauka ciwon ne ya ƙaru su daina kawo yaro, alhali yawancin waɗannan suna warwarewa, gashi ma yana dawowa bayan an gama magani. Katse magani a tsakiya ya fi su haɗari nesa ba kusa ba.

Abin da ba ya jira shi ne zazzaɓi. Idan zafin jikin yaro ya kai digiri 38 yana kan magani, fararen ƙwayoyin jininsa na iya yin ƙasa. Kada ku ɗauka maleriya ce ku sayi magani a kemis, ku kai shi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Haka nan idan idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, ko wurin da aka sa allurar ya yi ja yana zafi.