An yi wa ƙaramar na'ura kunne don ta ji muryar manomi

A shekarar 1962 aka kafa ƙungiyar Radiyo-Kulob ta Nijar. Masu jagorancinta kan saɓa manyatofon su shiga ƙauyuka, su tara jama'a a gindin radiyo. Bayan an saurari shiri sai a yi mahawara, a ɗauki maganar kowa a zare, a aika Yamai. Ta haka talaka ya fara jin muryarsa tana fitowa daga akwati. Zamanin zare ya wuce, amma bukata tana nan. Manomin Tsauni, can ƙasar Matamaye, yana da abin faɗi a kan gero da gyaɗa da raken fadama, kuma ba kowa ne ya samu shiga ajin yaƙi da jahilci ba balle ya rubuta.

Cikin magadan manyatofon akwai wata kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, Raspberry Pi, wadda ta fito daga Ingila a 2012. Bolt 5 take ci, don haka faifan hasken rana da batir sun ishe ta. Sai dai fa kurma ce: ba a yi mata mashigar makirufo ba. Tilas a gina mata kunne, a haɗa ta ƙofar USB.

Wutar da makirufo ke bayarwa ƴar mitsitsiya ce, sai an ƙara mata ƙarfi tukuna. Daga nan wata ƙwayar lantarki, irin su PCM2902 ta kamfanin Texas Instruments, ta riƙa auna ta har sau 48,000 cikin daƙiƙa ɗaya, kowane awo ta mai da shi lamba cikin matakai 65,536. A gefenta akwai ɗan dutse mai kaɗawa sau miliyan 12 a daƙiƙa. Shi ne makaɗin gayya; in ya saɓa kiɗa, aikin duka ya rikice. Lambobin su bi waya biyu zuwa kwamfuta, wasu biyun su kawo wuta. Da yake tun 1998 aka daidaita ƙa'idar sauti ta USB, kwamfutar kan gane baƙon da kanta.

Wahalar tana wajen shimfiɗa allon. Ɓangaren murya da ɓangaren lamba zaman doya da manja suke yi: lamba mai hayaniya ce, murya kuwa ba ta jure ko tari. Gwani yakan raba musu unguwa, ya tace wutar da kondansater kusa da ƙafar ƙwayar, ya ja layukan lamba biyu kafaɗa da kafaɗa, tsawonsu ɗaya. Wanda ya yi rowa ya sayi arhar na'urar rage bolt 12 na batir zuwa 5, zai ji ta tana fito cikin maganar dattijo, magana kuwa ba a maimaita ta sau biyu a gaban hakimi.

Ƙasar ma da nata sharaɗi. Ƙurar hunturu tana toshe mahaɗai, busasshiyar iska tana tara wuta a jikin mutum wadda taɓawa ɗaya kan kashe ƙwayar, shi ya sa ake dasa ƴan kariya a bakin ƙofar USB. Zafin bazara kuma yana son akwati mai shan iska.

Kafin a fita da na'urar, mai haɗi yakan toshe bakin makirufo, ya ɗauki shiru na minti ɗaya, ya saurara. In ya ji ƙugi, sai ya koma kan allo.