Jikin Yaro Da Na Babba: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

A Gidan Katta ta ƙaramar hukumar Illela, daf da iyakar Birnin Ƙonni, da zarar damina ta kankama sai zazzaɓin cizon sauro da gudawa su addabi yara, shawarwari kuma su yi ta yawo daga zaure zuwa shagon kemis. Wasu suna da tushe, wasu kuwa kan jawo asarar rai.

Ana cewa a raba ƙwayar babba biyu a ba yaro. Wannan kuskure ne. Da nauyin yaro ake auna magani: farasitamol, alal misali, kimanin miligiram 15 ne ga kowane kilo. Hantar jariri da ƙodarsa ba su gama ƙosawa ba, jikin yaro kuma ya fi saurin zuƙar guba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro kan zuƙi dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke zuƙa. An ga haka a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, alhali yawancin manyan da ke daka duwatsun zinariya masu ɗauke da dalmar sun tsira.

Ana kuma cewa yaro ya fi babba saurin numfashi. Gaskiya ne, amma da iyaka. Babba kan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Idan na jaririn da bai kai wata 2 ba ya kai 60, ko na ɗan wata 2 zuwa 11 ya kai 50, ko na ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, ana zargin limoniya, musamman in ƙasan ƙirji yana lotsawa.

Maganar da ta fi yaudara ita ce "ai jinin da ya zubar ba shi da yawa". Babba na ɗauke da jini kusan lita 5, amma yaro mai kilo 10 bai fi mililita 800 ba, wato bai cika ledar fiya wata biyu ba. Jikinsa kan matse jijiyoyi, zuciya ta ƙara gudu, sai awon hawan jini ya nuna lafiya lau har ƙarfi ya ƙare, sannan yaro ya sulale farat ɗaya. Sanyin tafin hannu da ƙafa, yawan barci da ƙin karɓar mama su ne ke riga bayyana.

Faɗawar maɗiga ga mai gudawa ba ciwo ne mai zaman kansa da ake shafa wa magani a ka ba. Alamar ƙarewar ruwan jiki ce. Maganinta ruwan gishiri da sukari na leda, da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da shayarwa.

Sai jijjiga. Yaro ba ya haɗiye harshensa, don haka cusa cokali a baki karya haƙora kawai yake yi. Ɗura masa jiƙo ya fi muni, domin maƙogwaronsa siriri ne, ruwa kaɗan kan shaƙe shi ko ya gangara huhu. A kwantar da shi ta gefe, a sassauta tufafi, a garzaya Babban Asibitin Illela. Idan abin ya yi tsanani, daga can akan tura shi sashen gaggawa na yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.