Ƙungiyar Malamai ta NUT: Aikin da Ake Yi Kafin a Rufe Aji

Yawancin iyaye ba sa tunawa da ƙungiyar malamai sai ranar da yara suka dawo gida da hantsi suna tsalle, wai an shiga yajin aikin sai baba ta gani. Daga nan muhawara ta kaure a majalisu da gidajen rediyo. Wasu su ce malamai ba su da tausayi, wasu su ce gwamnati ce ba ta da alƙawari. Bayan mako biyu ko wata guda a janye, kowa ya manta. Amma yajin aiki shi ne mataki na ƙarshe, kuma sau da yawa tun kafin a rufe aji an riga an ci nasara ko an faɗi, gwargwadon aikin da ƙungiya ta yi a watannin da ba wanda ke jin ɗuriyarta.

An kafa NUT a Legas a watan Yulin 1931, lokacin da ƙungiyar malaman Legas da ta shugabannin makarantun Ijebu suka haɗe. Shugabanta na farko shi ne Rabaran Israel Ransome-Kuti, mahaifin mawaƙi Fela, daga baya kuma Alvan Ikoku ya shugabance ta, wanda hotonsa ke jikin takardar naira goma. Arewa tana da tata hanyar daban. A 1948 Malam Aminu Kano, yana malamin makaranta, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa, a zamanin da malami bai isa ya ɗaga murya gaban En'e ba. Tun kafin jam'iyyar NEPU ta bayyana a 1950, a nan ne 'yan boko da yawa suka fara koyon yadda ake kiran taro, a rubuta ƙorafi, a zaɓi wakili. Sai a 1972 ɓangarorin biyu suka dunƙule. Saboda haka malamin firamare na Ɓagwai ko na Misau da ake cire wa kuɗin ƙungiya duk wata yana da gado a cikin wannan tafiya, ko da bai taɓa halartar taro ba.

Tsarin ƙungiyar hawa-hawa ne. Akwai wakili a makaranta, reshe a ƙaramar hukuma, shugabanci a jiha, sannan uwar ƙungiya ta ƙasa, wadda ke ƙarƙashin inuwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC. Malami ma ya taɓa riƙe ita kanta NLC ɗin: Abdulwaheed Omar, daga 2007 zuwa 2015, daga NUT ya fito. Amma a wajen malamin ƙauye, ƙungiya ita ce wannan wakilin na makaranta da sakataren reshe. Su zai nufa idan aka tsallake sunansa a biyan albashi bayan tantancewa, ko aka ba shi takardar tuhuma, ko aka jefa shi wata makaranta mai nisa don ya saɓa da wani ɗan siyasa. Idan wakilin nan bai san komai ba, to duk jawabin da shugaban ƙasa na ƙungiya zai yi a Abuja bai amfani wannan malamin da komai ba.

Shi ya sa horo ya zama ƙashin bayan aikin ƙwadago. NLC tana da makarantu biyu da take shiryawa wa shugabannin ƙungiyoyi, ɗaya da damina ɗaya da hunturu, kuma a Ilorin akwai cibiyar nazarin harkokin ƙwadago ta gwamnatin tarayya mai ɗauke da sunan Michael Imoudu, jagoran yajin aikin gama-gari na 1945. Ita ma NUT tana da nata tarukan bita, ciki har da tsarin da ake tara malamai kaɗan su zauna su yi nazarin wani batu a tsakaninsu, ba tare da jiran wani babban baƙo daga birni ba. Abin da ake koyarwa ba wani abin ban mamaki ba ne, amma shi ke ceton aikin mutum. Yadda ake karanta takardar albashi a gane me aka cire da kuma dalili. Yadda ake amsa takardar tuhuma a rubuce, cikin wa'adi, ba da fushi ba, a kuma ajiye kwafi. Cewa ba a korar ma'aikaci sai an saurare shi. Cewa a tsarin fansho na karo-karo, bisa dokar 2014, ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki kashi 10, kuma a jihar da ta shiga tsarin akwai bambanci tsakanin a cire kuɗin daga albashi da a zuba shi a asusun mai shi. Malamai da yawa sai sun ajiye alli suke gano wannan bambancin.

Sai dai a faɗi gaskiya, bita ma tana da nata ciwon. Akwai reshen da fuskoki biyar ne ke zuwa kowane taro shekara da shekaru, su karɓi kuɗin mota da jaka da takardar shaida, su dawo ba wanda ya ji abin da aka koya. Malamai mata, waɗanda su ne ke riƙe da azuzuwa da yawa a birane, sau da yawa ba a sa su a lissafi sai idan mai ɗaukar nauyin taron ya gindaya sharaɗi. Horon da bai sauko ɗakin malamai ba, yawon buɗe ido ne.

Darasi mafi wuya shi ne na zaman sulhu, kuma 2008 ta koyar da shi. A tsakiyar wannan shekarar malaman firamare da sakandare na gwamnati suka rufe makarantu a faɗin ƙasa har kusan mako biyar, suna neman a ware wa malamai tsarin albashi na kansu. Gwamnatin tarayya ta ce ba za ta tilasta wa jihohi ba, domin ba ita ke biyan malamansu ba. A ƙarshe da gwamnoni aka zauna, aka amince da ƙarin alawus na kashi 27.5 cikin ɗari. An yi murna. Amma sa hannu daban, biya daban. Shekaru bayan haka rassan jihohi suna ta bin gwamnoninsu ɗaya bayan ɗaya, wasu har da sabon yajin aiki, kan abin da aka riga aka amince. Haka labarin mafi ƙarancin albashi: naira 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a 2024, kuma kowane karo malaman firamare ne a ƙarshen layi. A 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun shafe fiye da wata uku a gida kan wannan batu, a garin da aka sa wa dokar hannu. Wanda zai zauna a irin wannan teburi dole ya iya karanta kasafin kuɗi, ya san nawa jiha ta karɓa daga asusun tarayya, ya san yawan malamai a kowane mataki, ya kuma nace a rubuta ranar fara biya da yadda za a yi da ariyas. Idan ya je da zafin rai kawai, akanta janar zai juye masa lissafi ya dawo hannu rabbana.

Dole kuma ya san doka, domin yajin aiki ba kyauta ba ne. Sashe na 43 na dokar sasanta rikicin ma'aikata ya ba mai ɗaukar aiki damar riƙe albashin kwanakin da ba a yi aiki ba, abin da ake kira ba aiki ba biya. Malaman jami'a sun ɗanɗana shi bayan yajin wata takwas na 2022. Gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 ya ce sai mafi yawan mambobi sun amince ta hanyar ƙuri'a kafin a tafi yaji, ya kuma mayar da shiga ƙungiya ganin dama. Ga kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gwamnati kan garzaya ta samo umarnin dakatarwa cikin kwana ɗaya. Shugaban da bai san waɗannan ba zai iya jefa dubban iyalai cikin yunwa da kyakkyawar niyya.

Akwai kuma abin da ake samu ba tare da an rufe ko aji ɗaya ba, ta hanyar naci a ofisoshi da zauren majalisa. Hukumar yi wa malamai rajista, TRCN, da aka kafa a 1993, tsohuwar buƙatar ƙungiyar ce, domin koyarwa ta zama sana'a mai ƙa'ida, ba mafakar wanda ya rasa aiki ba. Ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba, a 2020, gwamnatin Buhari ta yi alƙawarin tsarin albashi na musamman da ƙarin shekarun aiki. Na biyun ya zama doka a 2022: shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, maimakon 60 da 35, ko da yake sai da rassa suka ci gaba da bin jihohi su ɗauka. Na farkon kuwa, malamin firamare har yau yana saurare.

Babban abin da ƙungiyar ta fi daɗewa tana kai gwauro tana kai mari a kansa shi ne: wa zai riƙe albashin malamin firamare? A 1988 an kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, albashi ya daidaita. A 1991 aka rushe ta aka miƙa nauyin ga ƙananan hukumomi, malamai suka shiga watanni ba biya, wasu suka koma gona da kasuwa, har aka dawo da hukumar a 1993. Wannan tabon bai warke ba. Shi ya sa da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ma'aikatan ƙananan hukumomi na NULGE suka yi ta murna, malamai kuwa suka yi jugum. Ƙungiyoyi biyu ne a gida ɗaya, duka 'ya'yan NLC, amma abin da ɗaya take ganin 'yanci, ɗayar tana tuna 1991. Matsayin NUT shi ne ba ta ƙi 'yancin ba, amma a cire albashin malamai tun daga tushe, kada a bar shi ga ra'ayin ciyaman.

Inda ƙungiyar ta fi shan kaye a idon jama'a kuwa shi ne Kaduna. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin da ta ce na 'yan aji huɗu ne, ta sa kashi 75 a matsayin makin ci, ta sanar da cewa 21,780 sun faɗi, ta sallame su. NUT ta ce TRCN ce kaɗai ke da hurumin auna ƙwarewar malami, ta je kotu, ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, amma bai wuce kwana goma ba aka janye. A 2022 aka sake sallamar wasu 2,357, har da shugaban ƙungiyar na ƙasa, Audu Amba, wanda ya ƙi zama jarrabawar. Hujjojin ƙungiya ba na banza ba ne. Su waye suka ɗauki waɗanda ba su cancanta ba tun farko, in ba 'yan siyasar da ke raba gurbin koyarwa kamar goron biki ba? Shekara nawa malamin ƙauye ya yi ba a tura shi ƙaro ilimi ba? Amma da gwamnati ta baza takardun amsa a kafafen sada zumunta, magana ta ƙare a wajen iyaye. Uban da ya ga rubutun malamin ɗansa ba zai tsaya sauraren batun hurumi ba. A ganina, da ƙungiyar ce ta riga kowa cewa akwai bara-gurbi a cikinmu, ta auna mambobinta da kanta, ta shirya musu darussan hutu a lissafi da karatu, ta nemi a ba wanda ya gaza wa'adin gyarawa, da ta shiga wannan faɗa da iyaye a bayanta. Malam Aminu da abokansa ba albashi kaɗai suka sa a gaba ba, har da ingancin abin da ake koyarwa.

Sauran ayyukan ba sa shiga labarai. Akwai ƙungiyoyin adashi da bashi na malamai, waɗanda ke fitar da mutum kunya lokacin azumi ko kuɗin asibiti. Wasu jihohi suna da asusun da malami ke tarawa a ba shi idan ya yi ritaya, ko a ba iyalansa idan ya rasu, kafin garatutin da ba a san ranar zuwansa ba. Ƙungiyar ce kuma ta riƙa ƙirga mamatanta a Arewa maso Gabas, inda a 2015 ta ce an kashe malamai fiye da 600 a rikicin Boko Haram, wasu 19,000 sun bar gidajensu. Lissafi ne da ba wanda ke rububin yi.

Duk wannan da kuɗin malami ake yinsa, wanda ake cirewa tun kafin albashi ya shiga hannunsa, kuma a nan ne gunaguni ya fi yawa. Za ka ji malami yana cewa shugabanni sun gina sakatariya sun sayi motoci, shi kuwa shekara shida yana mataki ɗaya. Wasu malaman sakandare ma sun ɓalle sun kafa tasu ƙungiyar, ASUSS, aka yi ta shari'a. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne doka ta wajabta wa kowace ƙungiyar ƙwadago ta miƙa bayanin kuɗinta da aka bincika ga magatakardan ƙungiyoyin ƙwadago duk shekara, kuma kundin tsarin ƙungiya ya tanadi taro da zaɓe a kowane hawa. Mamba yana da ikon ya tashi a taron reshe ya tambayi nawa aka tara bana, nawa aka kashe kan horo, su wa aka tura, kuma yaushe za su zo makarantarsa su maimaita abin da suka koyo.