Buhu Mai Riɓi Uku: Yadda Ƙungiyar Manoma Ke Canza Tsarin Ajiyar Wake

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, kowa ya san darajar wake a ƙasar Mayahi da Tasawa. Daga Kanambakashe zuwa Maijirgi, da wuya a ga gonar hatsi wadda ba a sa mata wake a tsakani ba. Shi ne cimaka, shi ne kuɗin magani da na sutura, harawarsa kuma ta dabbobi ce. A duniya duka, in an cire Najeriya, babu ƙasar da ta kai Nijar noman wake.

Amma fa ajiyarsa ita ce wuya. Ƙwaro yakan yi ƙwai tun wake yana gona, a shigo da shi gida ba a sani ba. Cikin wata guda ƙwan ya zama ƙwaro, shi ma ya haifi wasu. Kafin bazara buhu ya koma gari da ramuka. Tsoron wannan ɓarna ke sa manomi ya sayar da arha lokacin kaka, sa'an nan ya sayi iri da tsada in damana ta kusa.

Haɗarin maganin ƙwari

Kakanninmu sun ajiye wake cikin toka ko rairayi. Da amfanin ya yawaita, sai mutane suka koma ga ƙwayoyi da garin guba na kasuwa, sau da yawa ba tare da sanin ƙa'ida ba. Wasu ma a ɗakin kwana suke jibge buhunan, yara suna shaƙar warin. Wannan yana kawo ciwon kai, amai da ciwon ciki, har yakan kashe. A 2008 an kwantar da mutane da dama asibiti a Najeriya bayan sun ci wake mai guba. Ashe ajiyar wake zance ne na lafiyar iyali.

Sabon kayan aiki

A 2007 Jami'ar Purdue ta Amurka ta soma aikin yaɗa buhun PICS, tare da cibiyar binciken noma ta ƙasarmu, INRAN, reshen Maraɗi. Buhun riɓi uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. In an ɗaure da kyau iska ba ta shiga. Ƙwarin suna cinye ɗan iskan da ya rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Ba a sa magani ko kaɗan.

To, amma sayen buhu kawai ba ya gyara ƙungiya. Tukunya ba ta zama bisa dutse ɗaya. Kaya dutse ɗaya ne. Sauran biyun su ne horo da tsari.

Horo: gani ya kori ji

Masu yaɗa buhun ba su tsaya ga jawabi ba. Malamin gona yakan zo gari bayan girbi, a cika buhuna gaban jama'a, a ɗaure. Bayan wata huɗu zuwa shida a sake taruwa a kwance, kowa ya damƙi waken ya duba. Wanda ya yi gardama da fari, idonsa ne ke ba shi amsa.

Ga abin da ya wajaba kowane mamba ya iya da hannunsa:

1. A shanya wake ya bushe sarai, a sheƙe shi.
2. A cika kowace leda da iska a matsa, don a gane ko ta huje.
3. A sa leda cikin leda, a sa su cikin buhun saƙa, sa'an nan a zuba wake.
4. A matse iska, a ɗaure kowane riɓi daban.
5. A ɗora bisa katako, nesa da bango, saboda ɓera da laima.
6. Kada a buɗe sai ranar bukata.

Kada horo ya tsaya ga shugaba da magatakarda. In mutum ɗaya ne ya iya, ranar da ya tafi cin rani aikin ya tsaya. A sa mata gaba, tun da su ne ke ajiya da dafuwa.

Tsari: rubutu ya fi tuni

Nan ne ƙungiyoyi da yawa ke tuntuɓe. Wake ya tsira daga ƙwaro, amma rigima ta tashi kan wane ya kawo tiya nawa. Maganinta littafi ne: suna, rana, yawan tiya, da alamar mai shi a jikin buhu. Mai awo daban, mai rubutu daban, mai riƙon mabuɗi daban. Kowane wata a karanta lissafi gaban taro.

Muna da misalai a gida. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, sun yi ƙarfi ne saboda ana ƙirga kuɗi gaban kowa. Haka tsarin warantaji da hukumar FAO ta yaɗa a Nijar tun daga 1999: manoma su tara amfanin gona a sito ɗaya, a rufe da kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiya, ɗaya na asusun da ya ba da bashi. Manomi ya samu kuɗin sana'ar rani, in farashi ya tashi a sayar a biya. Wannan tsari ba ya yiwuwa in ƙwaro yana cin jinginar, kuma ba ya yiwuwa in babu mai iya rubutu da lissafi. Ga amfanin makarantar yaƙi da jahilci a fili.

A bi sannu

Canji yana da tsoro. Dattijon da ya shekara yana riƙe da mabuɗin sito yana iya ganin littafi zargi ne gare shi. Kada a ture shi. A nemi shawararsa, a ba shi matsayi cikin sabon tsari. Mai cewa buhun ya yi tsada, a yi lissafi tare da shi: kuɗin buhu, da ana iya sake amfani da shi muddin bai huje ba, a gwada da kuɗin guba da tiyoyin da ƙwaro ke ci.

Shawararmu ita ce kowace ƙungiya ta fara da buhu kaɗan bana. Ranar buɗewa a gayyaci mai gari da maƙwabta, a rubuta abin da aka gani, a gyara inda aka yi kuskure, sa'an nan a ƙara baɗi. Malaman yaƙi da jahilci kuma su karanta wannan shafi tare da ɗalibansu, su mai da littafin sito darasin lissafi.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya ba mu lafiyar cin abin da muka noma.