BABI NA HUƊU: SHIGAR DA AL'UMMA DA MATASA CIKIN TSARA MUHALLI A BIRNIN GWARI

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda rashin tsaro ya raba jama'a da garuruwansu a ƙasar Birnin Gwari. A wannan babi kuwa za a dubi matsalar da ke biyo bayan komawa gida, wato sake gina muhalli, tare da kawo dalilan da suka sa bai dace a yi wannan aiki ba sai an ji ta bakin al'umma, musamman matasa.

4.1 Halin da Muhalli ya Shiga

Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane fiye da 250,000, waɗanda suka haɗa da Hausawa da Gbagyi da Kamuku da Fulani. A cikinta ne dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe a 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Wannan daji ya haɗe da na Kuyambana, kuma a cikinsu ne 'yan bindiga suka sami mafaka.

Hare-hare irin na Dogon Dawa a 2012 da na Gwaska a 2018 sun sa ƙauyuka da dama sun watse. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin Uba Sani ta ƙulla sulhu da wasu daga cikin 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, mutane suka fara komawa. Sai dai ginin ƙasa ba ya jiran mai shi. Idan ya yi damina biyu ko uku ba a yi masa yaɓe ba, ruwa zai cinye gindin bango, gara ta ci itacen rufi, ɗaki ya rufta. Saboda haka ko inda ba a sa wuta ba, kango ko kufai mai komawa yake tararwa.

4.2 Ma'anar Gida a Karkara

Gida a wannan yanki ya wuce ɗakunan kwana. A gidan Bahaushe akwai zaure inda maigida yake karɓar baƙi, da shigifa, da cikin gida inda mata suke aikace-aikacensu ba tare da idon baƙo ba. Akwai kuma rumbu da turken dabbobi da filin da ake bari don ɗa idan ya yi aure ya ja ɗakinsa. Bafulatani kuma buƙatarsa ta haɗa da burtali da mashaya kusa da ruga. Bugu da ƙari, kowane gida yana rataye ne da gona. Gidan da ya yi nisa da gonar mai shi, komai kyansa, ba zai zaunu ba.

4.3 Darasi Daga Wasu Wurare

Tarihi ya nuna abin da kan faru idan aka gina wa mutane gidaje ba da shawararsu ba. A zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, an tsara gina gidaje 40,000 a kowace shekara. Da yawa daga cikin waɗanda aka gina an ajiye su ne nesa da gari, inda babu ruwa ko kasuwa, har suka daɗe babu kowa a ciki. Haka kuma lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, an tashi mutane fiye da 40,000, aka gina masu gidajen siminti da rufin asbestos, kayan da ba su saba da su ba, balle su iya gyarawa da hannunsu. A ƙasar Masar ma, tsakanin 1945 da 1948, mai zanen gine-gine Hasan Fathi ya gina sabon ƙauyen Gurna da tubalin ƙasa, amma yawancin mutanen suka ƙi tashi daga tsohon mazauninsu, domin a can abincinsu yake. Waɗannan misalai sun nuna cewa ingancin gini kaɗai ba ya wadatarwa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

4.4 Matsayin Matasa

A bisa al'ada, idan hukuma ta zo da wani shiri, magana takan bi ta hannun sarki zuwa hakimi da dagaci da mai unguwa, sannan a tara masu gida. Wannan tsari yana da amfani, amma yaro ba ya musu da babba a bainar jama'a, mata kuma ba sa halarta. Ke nan waɗanda za su fi daɗewa a cikin gidajen su ne ba a jin muryarsu. Akwai dalilai uku da suka sa ya kamata a gyara wannan.

Na farko, yaron da ya bar ƙauye yana ɗan shekara goma a 2014, ya kai shekara ashirin a lokacin sulhu. A gari ya girma, ya saba da makaranta da waya da sana'ar acaɓa ko tireda. Idan ba a tambaye shi irin garin da zai yarda ya zauna ba, sai a gina gidan da zai mutu tare da tsofaffinsa.

Na biyu shi ne batun fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka a karkara, amma galibin gonaki da filayen gado ba su da takarda. Da bishiya ko dutse ko shaidar dattawa ake gane iyaka. Inda dattawan suka rasu, marayu da zawarawa ne suka fi shiga haɗarin rasa haƙƙinsu, kuma rikicin fili yana iya tayar da gabar da aka kwantar.

Na uku, matasa su ne ƙarfin aiki. Da su ake yin gayya, su ke kwaɓa ƙasa, su ke buga tubali. Sake gina gari dama ce ta koya masu gini da kafinta da walda, ta yadda kuɗin aikin zai zauna a hannunsu maimakon ya bi 'yan kwangila zuwa birni. Saurayin da yake da sana'a da ɗakin kansa ya fi wuyar ruɗuwa da kiran daji.

4.5 Hanyoyin Tuntuɓa

Domin shawara ta yi ma'ana, wajibi ne a yi ta kafin a zana taswira, ba bayan an haƙa harsashi ba. Ya dace masarauta ta jagoranci zaman, amma a ware na samari daban, na mata da 'yan mata daban, sannan a nemi makiyaya a haɗa su da manoma a kan batun burtali da mashaya. Haka nan ya kamata dattawa su zaga da matasa masu ilmi a nuna masu iyakoki, su kuma su rubuta, a ajiye kwafi a wurin hakimi da ofishin ƙaramar hukuma.

Game da kayan gini kuwa, dole a zauna da magina na gargajiya. Dokar gandun daji ta hana sara a cikin Kamuku, giginyar da ake fasa azara kuma tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ga shi rufin ciyawa ba ya jure wuta. Siminti kuma ya fi ƙarfin talaka. Don haka mafita tana iya kasancewa a tsakani, wato harsashin dutse da siminti, bangon ƙasa, da rufin kwano.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa sake gina ƙauyukan Birnin Gwari ya shafi gona da gado da sana'a, kamar yadda ya shafi bango da rufi. An kuma nuna cewa matasa su ne za su gina gidajen, su ne kuma za su gaje su, don haka shawararsu sharaɗi ce ta ɗorewar aikin. Babi na gaba zai dubi hanyoyin samun kuɗin gudanar da shi.