Tarbiyya a ƙasar Guci: hanyar da Shehu Ibrahim Inyas ya buɗe

Duk ranar Juma'a bayan la'asar, a garuruwa da ƙauyukan ƙasar Guci, akan ji amon hailala yana tashi daga zawiyoyi har faɗuwar rana. Manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci sukan zauna tabarma guda. Wannan shi ne zikirin Juma'a na ɗariƙar Tijjaniyya, wadda ta yi jijiya a gundumar Magarya da ta Dungas, da aka cire daga Magarya a 2011.

Asalin ɗariƙar daga Shehu Ahmadu Tijjani ne, wanda aka haifa a Ainu Mali ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya rasu a Fas a 1815. Amma reshen da ya fi ƙarfi a ƙasar Hausa na Shehu Ibrahim Inyas ne na Kaulaha, a Senegal. A 1929 ya bayyana cewa failar da ake jira ta zo ta hannunsa. Ya sadu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937, ya ziyarci Kano a 1945, malaman Salgawa irin su Shehu Tijjani Usman da Shehu Abubakar Atiƙu suka yi masa mubaya'a. Da yake almajiran Magarya da fatakenta Kano suka saba nufa, hanyar da ke kawo littafi da haja ita ta kawo faila. A Nijar, gidaje biyu suka yi fice: Kiyota ta Shehu Abubakar Hashim, wanda ya rasu a 2004, da Kusa ta Shehu Abdurrazaƙ a wannan yanki na kudancin Damagaram.

Abin da ya bambanta faila shi ne tarbiyya. Kowane Batijjane yana da lazimi safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, sannan wazifa a cikin jama'a. Mai neman ƙari sai ya miƙa wuya ga muƙaddami mai izini, ya ba shi wasu wuridai, ya riƙa bibiyar halinsa har Allah ya yi masa buɗi. Shehu Ibrahim ya tsara tafiyar hawa tara. Musulunci yana da tuba, istiƙama da taƙawa. Imani yana da ikhlasi, gaskiya da natsuwa. Ihsani kuwa yana da kiyaye ganin Allah, mushahada da ma'arifa. A da, ana ganin ma'arifa rabon tsirarun malamai ne bayan shekaru na halwa. Shi kuwa ya buɗe ƙofarta ga kowa, mace da namiji, mai ilimi da maras shi.

Nan ne kuma gardama ta taso. Tsofaffin Tijjanawa sun ga kamar an yi garaje. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta kira al'amarin bidi'a, saɓanin har ya raba masallatai da zumunta a kudancin Nijar. A cikin gida ma, shehunnan faila sun sha nesanta kansu da ƴan haƙiƙa, masu fakewa da buɗi suna sakaci da shari'a.

Shehu Ibrahim ya rasu a Landan a 1975, amma tsarin nasa bai bar wa kowa mafaka ba, domin matakin farko tuba ne, na biyu tsayuwa a kan gaskiya. Mai tauye mudu a kasuwa, da mai karɓar na goro kafin ya sa hannu a takarda, ko da carbinsu ya kai ƙasa, ba su taka ko tsanin farko ba. Da haka ake gane muƙaddamin ƙwarai: a dubi halin almajiransa ranar kasuwa.