Allon Da Ke Ƙyafta Wa Direba Ido: Yana Rage Haɗari Kuwa?

A bakin ƙauyuka da yawa na ƙasar Ingila akwai wani irin allo da a ke kafawa a gefen titi, wanda ba ya nuna kome sai mota ta doso shi da gudun da ya wuce ƙa'ida. Muddin direba yana tafe a hankali, allon baƙi ƙirin ya ke, sai ka ce ya lalace. Amma da zarar wani ya taho a guje, sai fitilunsa su kama, su shiga ƙyaftawa, su nuna masa iyakar gudun da doka ta yarda da shi a wurin, ko kuwa hoton kwana ko mararrabar da ke gabansa. Akwai kuma ɗan'uwansa, wanda a ke yawan gani a gaban makarantun yara a Amurka da Jamus, mai rubuta wa kowane direba gudun da ya ke yi a daidai wannan lokaci.

Waɗannan alluna ba sa rubuta lambar mota, ba sa kuma cin kowa tara. Saboda haka dole mai karatu ya tambaya, me zai sa direban da ya raina allon ƙarfe, ya kuma raina doka, ya ɗaga ƙafa daga totur don kawai wata fitila ta ƙyafta masa? Tambayar ba ta wasa ba ce, gama rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar cikin shekarar 2023 ya nuna mutum kimanin miliyan 1.19 ke rasa rayukansu a kan titi kowace shekara, gudu fiye da kima kuwa yana sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo wannan asara.

YADDA ALLON KE GANE MAI GUDU

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya babbar mota ta wuce tana busa ƙaho, ya san sautin ya kan yi tsini sa'ad da ta ke matsowa, sa'an nan ya yi kauri da zarar ta wuce. Wani masani ɗan ƙasar Austiriya mai suna Christian Doppler ne ya bayyana dalilin irin wannan canji cikin shekarar 1842, a kan iliminsa kuwa aka gina na'urar da ke cikin allon. Na'urar tana aika igiyar rediyo zuwa ga motar da ke tahowa, igiyar ta bugi motar ta komo, daga bambancin da ke tsakanin wadda ta tafi da wadda ta dawo sai a lissafa gudun motar kafin ƙiftawar ido. In ya haura adadin da aka saita, sai allon ya kama. Fitilunsa ƙanana ne marasa cin wuta, shi ya sa a wurare da yawa faifan hasken rana da batir kaɗai ke riƙe da shi.

ABIN DA AKA GANI A INGILA

Gwaji mafi girma da a ke kafa hujja da shi an yi shi ne a Ingila. Cibiyar binciken sufuri ta ƙasar, wadda aka fi sani da TRL, ta bi diddigin irin waɗannan alluna a wurare sama da 60 cikin gundumomin Norfolk, da Kent, da West Sussex, da Wiltshire, ta buga sakamakon cikin shekarar 2002. Akasarin wuraren hanyoyin karkara ne, watau mashigar ƙauye, da kwana mai kaifi, da mararrabar da ba a hango ta daga nesa.

Abin da aka samu shi ne matsakaicin gudun motoci ya ragu da abin da ya kama daga mil 1 zuwa mil 7 a awa, gwargwadon wuri. A Norfolk, inda allunan suka fi daɗewa har aka iya ƙidaya haɗurra, an ga haɗari ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku a kan abin da a ke tsammani da ba a kafa su ba. Abin da ya fi ba masu binciken sha'awa kuwa shi ne ba su ga alamar direbobi sun daina kula da allunan ba, ko da bayan shekara uku.

A Amurka ma an ba da labari makamancin wannan. Cikin shekarar 2003 hukumar garin Garden Grove a Jihar Kalifoniya ta kafa alluna masu nuna wa direba gudunsa a kusa da makarantu biyar, bayan ta gwada sababbin allunan ƙarfe da cin tara abin bai yi wani tasiri ba. An ba da rahoto cewa gudun motoci a wuraren ya sauka da kimanin kashi 14 cikin 100.

RAGI KAƊAN, RIBA MAI YAWA

Mai yiwuwa ne wani ya ce ragin mil uku ko huɗu ai bai taka kara ya karya ba. Lissafi bai goyi bayan wannan magana ba. Littafin dokokin hanya na Ingila ya nuna motar da ke mil 30 a awa, watau kilomita 48, tana bukatar mita 23 kafin ta tsaya cik, in an haɗa da ɗan lokacin da direba zai ɗauka kafin ya taka birki. In tana mil 40 sai mita 36, in kuwa mil 60 ce sai mita 73. Ashe ke nan in gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ta kan ninka fiye da uku. Wannan kuwa a busasshen titi ne, da birki mai kyau da taya mai kyau.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Göran Nilsson, ya tsara ƙa'idar da har yanzu a ke aiki da ita a duniya: in matsakaicin gudu ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, haɗarin da ke jawo mutuwa ya kan ƙaru da kimanin kashi 4 cikin 100. Haka abin ya ke in an juya shi. Bisa wannan lissafi, in motocin da ke ratsa wani gari suka sauko daga kilomita 60 zuwa 54 a awa, haɗurran da a ke rasa rai a cikinsu za su ragu da wajen sulusi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge tana kilomita 65 ya fi wanda ta buge tana kilomita 50 kusantar mutuwa har ninki huɗu da rabi. Tazarar da direba ba ya ko jin ta a jikinsa ita ce ke raba jinya da jana'iza ga yaron da ke tsallaka titi.

IDO WA KA RAINA?

Amma fa ba kowane allo mai ƙyaftawa ne ya ba da irin sakamakon Norfolk ba. Cikin shekarar 2008 cibiyar TRL ɗin nan dai ta buga wani binciken da ta yi a unguwar Kingston ta birnin Landan, a kan alluna masu nuna lambar gudu waɗanda a ke ɗauka daga wannan titi zuwa wancan. A nan matsakaicin ragin mil 1.4 ne kacal a awa. Ya fi ƙarfi a makon farko, ya riƙa raguwa bayan haka, da aka cire allunan kuwa ba a daɗe ba direbobi suka koma gidan jiya. Shawarar da aka bayar ita ce kada irin wannan allo ya wuce mako uku a wuri guda.

To, me ya raba Norfolk da Kingston? Wurare ne daban, hanyoyi daban, amma akwai bambanci guda da ya fito fili. Allon karkara yana zaune ne a inda haɗarin gaske ya ke, ba ya kuma kamawa sai ga wanda ya yi laifi, sa'an nan in ya kama yana gaya wa direba dalili: ga kwana nan, ga mararraba nan, ga ƙauye nan. Direban da ya rage gudu ya kuma tarar da kwanar kamar yadda aka gaya masa, gobe zai sake gaskata allon. Shi kuwa allon da ke rubuta wa kowa lamba dare da rana, a titin da mutum ke bi kullum zuwa wurin aiki, bayan 'yan kwanaki ya kan zama kamar turken lantarki. Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Ya ce, wanda na ke gani yau da gobe.

Saboda wannan ne Ma'aikatar Sufuri ta Ingila, a takardar shawarar da ta fitar cikin 2003, ta ce kada a kafa allon sai a wurin da aka tabbatar ana yin haɗari saboda gudu, bayan an gwada alamun hanya na yau da kullum ba su wadatar ba. A Jamus kuma an ɓullo da wata dabara, inda allon ke ɗauke da hoton yaro, ya rubuta wa mai bin ƙa'ida kalmar godiya da koren haske, ya rubuta wa mai gudu kalmar gargaɗi da jan haske. Har wa yau masu ƙera allunan sun koyi saita su yadda in gudu ya yi yawa ainun ba za su nuna lamba ba, don kada samari su mai da su abin gasa, kowa na son ya ga ya fi abokinsa.

Daga dukkan wannan za a fahimci irin direban da allon ke magana da shi. Shi ne wanda ya daɗe a kan buɗaɗɗiyar hanya har jikinsa ya saba da gudu, ya shigo gari yana jin kamar a hankali ya ke tafiya alhali bai sauko ba. Irin wannan tunatarwa kawai ya ke bukata, su ne kuwa suka fi yawa. Wanda ya ƙure maleji da gangan, ya kuma san babu mai kama shi, fitila ba za ta tsai da shi ba.

INA MATSAYIN NIJERIYA?

Dokar hanya ta ƙasar nan ta yarda wa ƙaramar mota kilomita 100 a awa a kan babban titi mai tagwayen hanya, 80 a kan sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Matsalar ita ce manyan hanyoyin ƙasar suna ratsa tsakiyar garuruwa da kasuwanni. Wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna ya san Tafa, inda tireloli ke jere a gefen titi mutane na tsallakawa a tsakaninsu. Haka Mararrabar Jos da Kwanar Ɗangora a hanyar Kaduna zuwa Kano, haka Abaji a hanyar Lokoja, haka kasuwar Kara a bakin hanyar Legas zuwa Ibadan. Motar da ke kilomita 100 tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa, a haka kuwa da yawa ke shigowa cikin masu talla da 'yan makaranta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa cikin Fabrairun 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, shekara da shekaru tana sanya gudu fiye da kima a kan gaba cikin musabbaban haɗari.

Maganin da mutanen gari suka sani shi ne tudun rage gudu, wanda sau da yawa su da kansu ke ginawa bayan an binne wani nasu. Tudu yana aiki, gama ba ya neman yardar direba. Sai dai in an gina shi babu fenti babu alama, shi kansa ya kan zama tarko da dare. A nan allo mai ƙyaftawa zai yi rana, in an kafa shi da 'yar tazara kafin mashigar gari, ya ba direba lokacin saukowa kafin ya iso tudun ko kasuwar. Akwai ma wani amfani da Turawa ba su cika lissafawa da shi ba, watau yawan motocin haya da malejinsu ya daɗe da mutuwa. Direban irin wannan mota, da fasinjojinsa, sai a jikin allon za su ga ainihin gudun da a ke yi da su, fasinja kuwa in ya ga lamba da idonsa ya fi samun bakin magana.

Duk da haka akwai sharuɗɗa. Na farko, a zaɓi wuri da ƙididdigar haɗari, kada a raba allunan kamar kason siyasa. Na biyu, a yi amfani da lamba da hoto maimakon dogon Turanci, don direban da ke gudu ba shi da lokacin karatu, ba kowa ne ma ya yi boko ba. Na uku, a tanadi kuɗin kulawa tun ranar saye, gama ƙurar hunturu tana rufe faifan hasken rana, ɓarayi kuma suna son batir, allon da ya mutu kuwa yana koya wa direba cewa babu mai kula da hanyar. Na huɗu, doka ta tsaya a bayansa. Tun ranar 1 ga Fabrairu, 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu, amma wannan na'ura tana hana mota wuce iyakar babbar hanya ne kawai, ba ta san an shigo kasuwa ba. Direban da ke sauri don ya juyo ya sake lodi ba zai saurari fitila ba sai ya san wata rana zai tarar da jami'i a gabanta.

Abin da ya kamata Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da gwamnatocin jihohi su yi shi ne abin da Norfolk ta yi: a ɗauki wurare kaɗan da aka san suna cin rayuka, a auna gudun motoci a kuma ƙidaya haɗurra kafin a kafa allon, a sake aunawa bayan shekara ɗaya da bayan uku, sa'an nan a buga sakamakon kowa ya gani. In ya yi amfani a faɗaɗa, in bai yi ba a mai da kuɗin ga gadar masu tafiya a ƙasa da gyaran mararraba. Ƙungiyoyin direbobi ma suna da nasu aikin a tashoshi, na fahimtar da 'ya'yansu cewa allon ba na kama kowa ba ne, don kada su ɗauke shi abokin gaba. Kafin wannan lokaci, kowane direba yana iya yi wa kansa aikin allon: in ya hango rumfunan gari, ya dubi malejinsa, ya sauko zuwa 50.